"Leave a message for" ne ko "to" ko "with"? Ga amsar

Wata ƙanwarmu ce ta turo tambaya, ta ce kwanan nan ta fara aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibiti mai zaman kansa, sai wani mutum ya zo neman likita bai same shi ba, ya faɗa mata abin da za ta gaya masa ya tafi. Ita kuma ta tura wa likitan tes ta ce "a man left a message to you", likita ya gyara mata ya ce "for you" ake cewa, abokiyar aikinta kuma ta ce su duka ba su yi daidai ba, wai "with you" ne. Tana so ta san wanne ne daidai kuma me ya sa.

Toh ƙanwata, a wannan zancen likita ne da gaskiya. "A man left a message for you" shi ne daidai. Amma abokiyar aikinki ma ba daga sama ta tsinto "with" ɗin ba, akwai shi a Turanci kuma kullum ana amfani da shi, wurin da ta ajiye shi ne ba nan ba. Kuma na ji daɗin tambayar sosai domin na daɗe ina koyar da Turanci kuma wannan abu yana cikin wanda ɗalibanmu Hausawa suke ta maimaitawa, har waɗanda suka gama jami'a, ba kuma don ba su da ƙoƙari ba, akwai dalili a cikin Hausar tamu da yake jawo shi, zan zo kansa.

Fara duba mutanen da suke cikin maganar tukunna kafin ki duba kalma. Duk inda aka bar saƙo mutum uku ne: mai saƙon, da wanda aka yi saƙon dominsa, da wanda aka damƙa wa ya riƙe kafin mai shi ya dawo. A labarinki baƙon nan shi ne na farko, likita na biyu, ke ce ta uku. Turanci yana ba na biyu "for", yana ba na uku "with". Shi kenan fa asalin maganar. Don haka da za ki haɗa su a jimla ɗaya sai ki ce "a man left a message with me for you", wato wani mutum ya bar maka saƙo a wurina. Kin ga "for you" shi ne maka, "with me" shi ne a wurina ko a hannuna. Da kin bi shawarar abokiyar aikinki kin rubuta "a man left a message with you", abin da kika gaya wa likita shi ne mutumin ya bar saƙo a hannunsa shi likitan don ya kai wa wani, alhali ko ganin mutumin bai yi ba, sai ya tsaya yana tunanin yaushe aka yi haka.

Wannan bambancin ba na ado ba ne, yana ɓata aiki. Ki ɗauka oga ya yi tafiya, ɗan kwangila ya zo ya gaya wa sakatare cewa a faɗa wa oga an ɗage taro daga Litinin zuwa Laraba. Da yamma ya tura wa oga tes ya ce "I left a message for your secretary". Oga ya karanta ya ce toh, tsakaninsu ne, ba ruwana, bai ko nemi sakataren ba, domin jimlar ta ce saƙon na sakatare ne. Da "with your secretary" ya rubuta, oga yana gani zai ɗaga waya ya ce me aka bar mini. Kalma ɗaya ce amma ita ta raba wanda zai je taro ranar Laraba da wanda zai je ranar Litinin ya tarar da ɗaki a kulle.

Yanzu me ya sa bakinmu yake zamewa zuwa "to"? A Hausa abu ɗaya muke da shi da yake yin aikin nan, wato "wa" ko "ma". Na aika masa, na miƙa masa, na nuna masa, na saya masa, na dafa masa, na ajiye masa, na bar masa, duk masa ne, ba ma tsayawa mu bambance. Bature kuwa ya raba su gida biyu. Akwai aikatau, wato kalmomin aiki (verb), da abin yake tashi daga hannunka ya tafi ya isa ga mutum, irin su give da send da pass da show da hand da lend, waɗannan "to" suke ɗauka. Akwai kuma wanda ka yi abin ne domin mutum, amfaninsa ne, amma aikin shi kansa bai kai abin hannunsa ba, irin su buy da cook da keep da save da find da reserve, su kuma "for" suke ɗauka. Idan na ce "I cooked rice for him" shinkafar tana nan cikin tukunya, wataƙila ma bai dawo gida ba. Leave yana cikin gida na biyu, don idan ka bar saƙo ai saƙon bai je ko'ina ba, yana nan zaune inda ka ajiye shi yana jiran mai shi ya zo ya same shi. Shi ya sa "send a message to him" daidai ne, "leave a message for him" ma daidai ne, amma ba a musanya su. Yaro tun yana firamare an koya masa "give it to him" an ce ma'anarsa ba shi, sai ya ɗauka duk inda ya ji masa a ransa "to him" zai sa, daga nan abin ya samo asali.

Kuma abin da ya sa nake matsa wa ɗalibai a kan wannan, shi "leave to" ɗin ba wai babu shi ba ne, akwai shi, sai dai ya riga ya kama wata ma'ana daban. Idan Bature ya ce "he left his farm to his nephew" maganar gado yake yi, mutumin ya rasu ya yi wasiyya a ba ɗan ɗan'uwansa gonarsa. Sai kuma "leave it to me", wato bar ni da shi, ni zan ji da abin, ko "leave the cooking to her", ku bar mata girkin ita ta san kansa. Duk ƙamus na masu koyon Turanci da kika buɗe a ƙarƙashin leave za ki tarar an ware su haka, na ajiyewa da "for", na gado da na ɗora nauyi da "to". Don haka in kika ce "he left a message to you" mai jin Turanci zai gane nufinki, ba zan ce miki ba zai gane ba, amma kunnensa zai ɗan yi tuntuɓe, a jarrabawa kuwa maki ya tafi.

Sai dai zan faɗa miki wurare biyu da za ki ga "to" ya biyo bayan message kuma daidai ne, don kar gobe ki gani a jarida ki ce malam ya faɗa mana ba daidai ba. Na farko idan aikatau ne ya biyo bayansa ba mutum ba, misali "she left a message to say she would be late", ta bar saƙo cewa za ta makara. Wannan "to" ɗin na say ne, ba ruwansa da wanda aka bar wa saƙon. Har ma suna haɗuwa da "for" a jimla guda, "I left a message for him to call me", na bar masa saƙo ya kira ni, kuma wannan jimlar za ki yi ta buƙatarta a aikinki. Na biyu idan saƙon irin na jawabi ne ga jama'a, kamar yadda ake cewa "the President's message to the nation" ranar 1 ga Oktoba, ko a ce wani dattijo kafin ya rasu "he left a message to the youth". A nan "to" ɗin ya manne ne da kalmar message ita kanta, saƙo ne ga matasa gaba ɗaya, nasiha ce, ba irin wanda ake rubutawa a 'yar takarda a liƙa a ƙofar ofis ba. Naki na asibiti ba wannan ba ne.

Akwai kuma hanyar da ta fi duk sauƙi, ni ita nake fara ba ɗalibai, ki cire ƙaramar kalmar gaba ɗaya ki ce "he left you a message" ko "I left him a message". Turanci ne tsantsa, shi ma Bature ya fi yawan faɗa a baki, kuma jerinsa daidai yake da na Hausa, ya bar miki saƙo, mutum a gaba saƙo a baya. Abin lura kawai, in kika sa mutum a gaba toh kar ki ƙara masa "for". Da yawa ina ganin "he left for you a message" a takardun ɗalibai, wannan Hausa ce aka sa wa rigar Turanci. Ko dai "left you a message" ko "left a message for you", kar a gauraya. Kuma "left for" in suka haɗu kai tsaye sukan ba da ma'anar tafiya, "he left for Kaduna" ya kama hanyar Kaduna, "he left Kaduna" kuma ya bar Kaduna, kin ga har kishiyar juna ne.

Shi ma "with" abin da yake rikita mutanenmu a kansa shi ne an koya mana ma'anarsa tare da, shi kenan aka tsaya nan. Sai ɗalibi ya ga "leave a message with the gateman" ya ce ya za a yi in bar saƙo tare da maigadi, ni da shi za mu bar saƙon? A'a. Idan akwai abin da aka bari a tsakani, "with" yana nufin a hannun wane, a kulawarsa. "I left the children with their grandmother" na bar yara wurin kakarsu, "leave the key with the neighbours" bar makulli a maƙwabta. In babu abin da aka bari a tsakani ne yake komawa tare da, "I left with Audu" mun tafi tare da Audu, "I left it with Audu" na bar shi a wurin Audu. Wannan 'yar "it" ɗin kar ki raina ta.

Toh sai maganar wuri, inda nan ma Hausa ta sauƙaƙa mana da kalmar "a" guda ɗaya, a waya, a ofis, a tebur, a WhatsApp, shi kuma Turanci ya raba uku. Na'ura ko manhaja ko saman wani abu "on" ne: on his phone, on her voicemail, on the answering machine, on WhatsApp, on Facebook, on your desk, on the door. Wurin da ake zuwa a tsaya "at" ne: at reception, at the front desk, at the office, at the gate. Abin da ake ɗauka kamar yana da ciki "in" ne: in your inbox, in the comments, in his pigeonhole. Na guruf ɗin WhatsApp za ki ji "in the group" za ki kuma ji "on the group", ni na fi son na farko a rubutu amma ba zan ja wa ɗalibi jan biro a kan na biyu ba. Kuskuren da nake ja wa layi shi ne "in his phone" idan ana nufin an bar masa saƙo, "on" ne. Lambar waya kuma akwai bambancin ƙasa, 'yan Ingila suna cewa "call me on" sannan lamba, 'yan Amurka suna cewa "call me at", mu a Najeriya tsarin Ingila makarantunmu suke bi don haka ki riƙe "on". Sannan risefshan yana karɓar biyu, "at reception" in wurin kike nufi, "with reception" in mutanen da suke zaune a wurin kike nufi, wato ku kenan.

Duk waɗannan suna iya zama a jimla ɗaya ba tare da sun yi karo ba don kowanne tambayarsa daban yake amsawa. "I left a message for the doctor with the nurse at the front desk about the test results". Don wa, for. A hannun wa, with. A ina, at. A kan me, about. In kuma kina so ki faɗi daga wa ya fito, from, "there's a message for you from the lab". Ba wai ki riƙa jera su haka kullum ba, jimlar ta yi nauyi, na kawo ne ki ga ba gasa suke yi ba.

Wani abu da na lura da shi, mu wannan magana ta barin saƙo a na'ura ba mu taso da ita ba. A Ingila da Amurka mutane sun yi shekaru da na'urar amsa waya a gidajensu, yaro yana tasowa yana jin "please leave a message after the tone" har ta zauna masa ba tare da an koya masa ba. Mu kuwa wayar gida ba kowa ke da ita ba, da wayar salula ta shigo a 2001 kuma abin da muka saba da shi filashin ne da tes, in ka kira ba a ɗauka ba ka kashe ka sake kira, ba mai tsayawa ya yi wa na'ura magana yana ƙona kati. Shi ya sa jimlar take mana baƙuwa. In kin ci karo da ita, "after the tone" da "after the beep" duk ɗaya ne, bayan 'yar ƙarar nan da na'urar take yi, a wayoyin Amurka kuma za ki ji "at the tone, please record your message", shi ma daidai ne, nufinsa da zarar kin ji ƙarar. Saƙon murya na WhatsApp da muka fi sabawa da shi yanzu kuwa tura shi ake yi, "I sent him a voice note", in kuma kika ce "I left him a voice note" kin ƙara nuna cewa kin neme shi ba ki same shi ba ne kika ajiye masa.

Tunda aikinki karɓar baƙi ne bari in ƙara miki wanda ba ki tambaya ba amma kullum zai zo miki. Baƙo shi ne yake leave, ke take kike yi. In an kira ana neman likita ba ya nan, ki ce "he's not in at the moment, can I take a message?" ko ki ce "would you like to leave a message?". Na sha jin masu aikin risefshan suna cewa "can I leave a message?" alhali su ne za su karɓa, sai mai kira ya rikice ya rasa wa zai ba wa saƙo. In ya gama faɗa ki ce "I'll pass it on to him" ko "I'll give him the message", kin ga nan "to" ya dawo da ƙarfinsa don yanzu kam saƙon tafiya zai yi daga bakinki zuwa kunnensa. Shi kuma "he's not on seat" da ake ta faɗa a ofisoshinmu, tsakaninmu 'yan Najeriya kowa ya gane kuma ni ba na ganin laifinsa a nan gida, amma in baƙo ne daga waje ki ce "he's not at his desk" ko "he's not in". Haka "drop a message", ana faɗa a hira har a wajensu, amma a takardar ofis leave ya fi kamala.

Sai kalmar saƙo ita kanta, nan ma a yi hattara don saƙonmu ya fi message ɗinsu faɗi nesa ba kusa ba. Mu in ka je tasha ka ba direba ƙullin kilishi ko atamfa ko kuɗi a ambulan ya kai Zariya, saƙo ka bayar, har a kira ka a ce saƙo ya iso. Message a Turanci magana ce kawai, ta baki ko ta rubutu. Idan wani ya kawo wa likita leda da kaya a ciki ya bari a wurinki kika rubuta masa "someone left a message for you", zai zo yana jiran ki faɗa masa magana. Abin da za ki ce shi ne "someone left a parcel for you" ko "a package" ko "an envelope", ko kawai "someone left something for you". Daɗin abin, "for" da "with" ɗin ba sa canzawa, "he left a parcel with me for you". Haka kuma aiken yaro, na aike shi, ba "I sent him a message" ba ne, wannan yana nufin na tura masa saƙo, aike "I sent him on an errand" ne.

Ƙananan abubuwa biyu da suke yawan biyo wannan jimla a rubutu: leave in abin ya riga ya wuce left ne, babu "leaved", kuma kar a manta da "a" kafin message, "leave message" ba tare da ita ba Turancin allon sanarwa ne. A lura kuma da leave da live, a bakinmu sukan fito iri ɗaya sai hannu ya bi baki a rubuta "live a message", wannan ina ganinsa a tes kusan kullum.

Ga masu shirin WAEC ko NECO ko JAMB da suke karanta wannan, irin tambayar tana zuwa a ɓangaren cike gurbi, a ba ka jimla kamar "the manager was out, so I left a message ___ his secretary" sannan a jera maka to da for da with da by. Abin da yake kayar da yara shi ne sun haddace "leave a message for" kamar karatun allo, suna ganin message sai su tafi "for" da gudu. Karanta farkon jimlar tukunna, an ce manaja ne ba ya nan, kenan shi aka zo nema, sakatare riƙewa kawai zai yi, amsa "with" ce. In da jimlar cewa ta yi "the secretary was out, so I left a message ___ her", toh ita aka nema ba a samu ba, kuma ba za ka damƙa abu a hannun wadda ba ta nan ba, amsa "for" ce.